Kalmomi Huɗu na Ƙawar Kakata

Duk sanda na ji ƙamshin citta da tafarnuwa cikin man riɗi mai zafi, sai in tuna gidan hayar da na tashi a bayan titin Wendover Avenue, can ƙasar Turawa, da wata tsohuwa 'yar China da ƙofarta ke kallon tamu.

Kakata daga Kano ta zo renonmu, ba ta jin Turanci, ita ma tsohuwar tsinta-tsinta take yi. Amma da zafi ya shigo za ka same su a ɗan filin bayan gida, wannan tana ba kuɓewarta ruwa, waccan tana ɗaure wa wakenta igiya, kowacce na zuba da yarenta, suna ta dariya. Kaka kuwa Ƙawa take ce mata. In magana ta cije, ni ake ƙwala wa kira.

Kawuna, autan Kaka, a gidanmu ya yi karatunsa. Wani lokacin sanyi da zazzaɓi ya kwantar da shi, tsohuwar nan ce ta riƙa karɓar kaza a hannun Kaka tana dafo masa romo har ya miƙe. Daga baya ya samu babban aiki, ya kama gida kusa da Irving Park, unguwar masu kuɗi, sai ƙafarsa ta ɗauke.

Wata Asabar ya zo da sabuwar mota zai kai Kaka ta ga gidan. Tsohuwar na zaune a matakala tana gyaran wake. Ta washe baki, ta ɗaga masa hannu. Ya wuce da waya a kunne, ko kallonta bai yi ba. Sai na ji ta ce a hankali, "Mu jung wu ren."

Na tambaye ta me ke nan. Ta ƙirga mini da yatsu: ido, ciki, babu, mutum. Ta ce a wajensu haka ake cewa ga wanda ya samu wuri har mutane suka fice masa daga ido. Magana ce mai nauyi, ba a faɗa wa mutum a gabansa sai an shirya ɓatawa. Ta ce in bar ta a nan. Ashe Kaka na tsaye a taga, ta kuma tsare ni sai da na fassara mata.

Kaka ta juya wajen kawu. Ta ce, "Auta, zo ka durƙusa."

Ta tallabi fuskarsa, ta buɗe idonsa da yatsu kamar mai neman ƙwaro.

"Hajiya, lafiya?"

"Dubawa nake ko da sauran mutum a ciki. Ƙawa ta ce babu."

"Wallahi aiki ne ya yi mini yawa, Hajiya."

"To yau babu ita, gobe babu ni. Ɗauki motarka ka tafi."

Ya yi dariya, ya ga ita ba dariya take ba. Ya fita da kwat ɗinsa, ya durƙusa kan siminti ya gaida tsohuwar. Kunya ta kama ta, ta yi ta bubbuga kafaɗarsa, ta cika masa hannu da wake. Su biyu ya ɗauka a motar ranar, Ƙawa a gaba.

Tun daga nan kalmar ta zama ta Kaka. "Mujun-wuran" take cewa, har ga kyanwar maƙwabta in ta wuce ta ba ta waiga ba. Shekarar da tsohuwar ta kwanta ciwo, kawu ne mai kai ta asibiti, har ma'aikatan suka riƙa tambayarsa me suka haɗa.

Kaka da Ƙawa duk sun rasu. Yanzu ina Pleasant Garden a wajen gari, inda gida ke nesa da gida, kowa daga mota sai ɗaki. Na shekara da shekaru a layin nan, gaisuwata da maƙwabciyata ba ta wuce ɗaga hannu ta gilashi ba. In an tambaye mu, sai mu ce ai ba girman kai ba ne, aiki ne ya yi yawa. Sai dai babu sauran mai cewa mu zo mu durƙusa a duba.