Kawu, Ta Ukun Ba Ta Gama Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Maris, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Kawu, ƙanen mahaifiyata. Ina aji aka aiko kirana. Na tattara littattafaina, na rufe biro, na yi wa malama sallama, na fito. Har yau kukan da ake cewa zai zo bai zo ba.

Kawu, kai ne ba ka taɓa ce min in ɗaga murya ba. Idan baƙi suka zo na rasa ta cewa, sai ka ce, "Ku bar min Malama Shiru, tunani take yi." A ɗakinka nake yin aikin gida, a gefen teburinka, don nan ne ba a aikena.

A nan na san sana'arka. Akwai wata manhaja da masu rubuta manhajoji suke amfani da ita wajen harhaɗa abin da suka rubuta ya zama abu guda mai aiki, kai kuma kana cikin masu kula da ita. Ka ce min kwamfutoci ba halinsu ɗaya ba, abin da ya tafi daidai a wannan sai ya tsaya a waccan. Shi ya sa ka jera uku: babba, siririya, da wata tsohuwa mai ƙugi kamar injin niƙa. Inna, mahaifiyata, takan leƙo ta ce, "Hannu biyu, kwamfuta uku, wannan ai haɗama ce." Sai ka ce, "Yaya, ke tukunya nawa kike ɗorawa?"

Na tuna wani mutum daga nesa da ya rubuto cikin fushi cewa manhajar ta ƙi aiki a tasa. Abokan aikinka suka ce a nasu lafiya take. Kai ka zauna kwana da kwanaki har ka gano inda take tuntuɓe a irin kwamfutarsa, ka gyara, sannan ka yi masa godiya. Na ce ai zagin ka ya yi. Ka ce, "Ya zage ni, amma ya nuna min rami." Ƙa'idarka ita ce ba ka cewa abu ya gyaru sai ukun nan duk sun gwada sun yarda.

Safiyar ranar ka gama wani gyara da aka daɗe ana jira. Babbar ta yarda, siririyar ta yarda. Ka sa tsohuwar ta fara nata gwajin, ka ce ƙirjinka na damunka, bari ka je asibiti kafin ta gama. Ba ka dawo ba. Da gida ya cika, aka zare wayar wutar tsohuwar aka jona fanka don masu gaisuwa, aka lulluɓe teburin da zane. Babu wanda ya yi laifi. Zafi ake yi.

Bayan kwanaki wani abokin aikinka ya zo. Ya gaishe da Inna, ya ce sun yanke shawara za su saki gyaran da sunanka a kai, ya zama aikinka na ƙarshe. Kowa ya ce madalla. Ina bakin ƙofa. Bakina ya yi nauyi kamar kullum, amma na ji kaina ina cewa, "Ta ukun ba ta gama ba."

Ya juyo ya ce, "Ƙanwata, biyu sun yarda fa. Wa ke amfani da irin wannan tsohuwar yanzu?"

Na ce, "Ban sani ba. Shi dai ba ya saki sai ta gama."

Sai ya nemi izinin Inna. Muka ɗage zanen, ya jona ta, ya sa gwajin. Muka zauna tana ƙugi har aka kira la'asar. Daga nan jan rubutu ya fito. Gyaran bai yi aiki a kanta ba.

Na duba zuciyata ko zan ji wani abu, ban ji ba. Shi ne ya share ido, ya ce, "Da mun sa sunansa a kan abin da bai yarda da shi ba." Ya ce ba za a saki ba sai an ƙarasa. Ya naɗe wayoyin tsohuwar, ya rungume ta ya fita da ita. Ban san yaushe za su gama ba, Kawu. Abin da na sani kawai na faɗa.

Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya sa amfanin da mutanen da ba ka taɓa gani ba suke samu ya riƙa isa gare ka. Ina miƙa ta'aziyya ga Kaka, wadda ta binne autanta, da matarka Anti da jaririnta, da abokan aikinka na kusa da na nesa. Inna kuma, da har yanzu take zuba abincin mutum ɗaya fiye da mu, Allah ya ba ta haƙuri. Amin.