Tulun Ƙarfen Mastura Mai Sobiya

"...kofin giya ne wallahi, har da kumfarsa a sama! Jawahir, bar wankin nan ki zo ki gani! Ku fito jama'a, ku gani da idonku!"

Muryar Larai ke nan take kirana, maƙwabciyarmu mai tattara kwalaye tana sayarwa. Tana tsaye a tsakiyar hoshinmu, wato tsakar gidajenmu da ke unguwar Kurayyat a Jidda, ta ɗaga wani ƙaton kwali sama da kanta tana juya shi kowa ya gani. Hoshin nan gida tara ne, ƙofa na kallon ƙofa, ga shi kuma la'asar ce, kowa na waje. A jikin kwalin ga hoton wani Bature mai jan gemu yana dariya, ya ɗaga kofi, a gefensa wani tulun ƙarfe mai tsinin gindi kamar mazurari. A ƙofar ƙanwata Mastura ta tsince shi. Mastura ce da hannunta ta ajiye mata, yadda kowa a hoshin yake ajiye wa Larai kwali don alheri. Ko juya shi ba ta yi ta ga bayansa ba.

To bari in faɗa muku wace ce Mastura, don ku san me ya sa wannan ihun ya fi mata mari zafi.

Kakanmu da ƙafa ya zo hajji daga Gumel, bai koma ba. Mu duk nan Jidda aka haife mu. Ummanmu, Allah ya jiƙanta, shekara talatin tana sayar da sobiya duk watan azumi. Wanda bai san sobiya ba, ƴar uwar kunun zaki ce, sai dai da sha'ir ake yinta da busasshen burodi, a sa kirfa da sukari da kayan ƙamshin nan da ake kira hel, a rufe a tulu ta ɗan yi tsami. Tsamin nan shi ne daɗinta, kuma shi ne haɗarinta. In ta daɗe cikin zafi sai ta juya ta zama abin da Allah ya haramta. Umma ba ta duba agogo, da salla take ƙirgawa. Salla goma sha ɗaya daga lokacin da ta rufe tulu, sai ta buɗe ta tace. Mastura tun tana shekara tara take riƙe mata matata, kuma ita kaɗai a cikinmu ta gaji hannun.

Shekara uku da suka wuce abin ya faru, cikin azumi. Mukayyif ɗin da ke sanyaya ɗakin da tulunan suke ya mutu, kwana biyu babu sanyi. Mastura ta ƙirga sallarta goma sha ɗaya daidai, amma zafi ya riga ƙirgen gaba. Ga azumi a bakinta, ba ta ɗanɗana ba, ta ɗura a leda ta fitar. Da aka kira magariba, Ammu Othman, dattijon da tun zamanin Umma yake shan sobiyarmu, ya kurɓa ya tofar. A hankali ya ce, "Ƴata, wannan ta wuce." A hankali fa ya faɗa, amma akwai kunnuwa a kusa. Ta bi duk wanda ta sayar wa ta karɓo, ta tuntsurar da tulu huɗu a kwata, warin ya cika layi. Daga ranar in ta wuce sai ka ji mata suna cewa, "Ga mai sobiya mai ƙarfi nan." Ta kife tulunan Umma, ta kama aikin shara a wani ofis a Bagdadiyya. Azumi biyu ba ta jiƙa sha'ir ba.

Mijinta Na'ibi gyaran mukayyif da firji yake yi. Farkon Sha'aban ɗin bana ya je haraj, kasuwar kayan gwanjo, neman kayan gyara, sai ya ci karo da tulun nan, sabo a cikin kwalinsa, an naɗe da baƙar leda. Mai sayarwa ya ce wani baƙo ne ya bar ƙasar bai ko buɗe ba. Na'ibi ya leƙa ciki, ya ga bututu a nannaɗe kamar na bayan firji, ga wata ƴar akwati mai sanyaya ruwa, ga wurin lambar zafi da sanyi. Ya dawo gida yana haki ya ce, "Mastura, na samo miki tulu mai mukayyif a cikinsa. Lambar da kika ce ya tsaya, nan zai tsaya, ko da Jidda ta kama da wuta."

Murnar kwana ɗaya ta yi, washegari Larai ta ɗaga kwali.

Mastura ta fito hannunta duk garin sha'ir. Larai ta ce, "Ya ukhti, wancan karon an ce mana kuskure ne. Bana kuma an sayo wa kuskuren inji!"

Hoshi ya fashe da dariya. Mastura ta ce, "Kwali na ba ki, Larai, ki kai a auna miki. Ban ce ki yi min shela ba."

"Ni na zana Baturen?"

Mastura ta koma ciki ta yi kuka, ta ce wa Na'ibi halas, shi ke nan, ya mayar da tulun. Ya ce ba zai mayar ba sai sun tambayi limamin masallacinmu. Liman ya ce tulu tulu ne, tunda sabo ne, abin da aka zuba a ciki shi ake tambaya. Duk da haka hankalinta bai kwanta ba sai da ta wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa, kamar kwanon da kare ya lasa. Na'ibi yana tsalle yana cewa, "Za ki kankare min shi, baiwar Allah!"

Labarin kwali kuwa ya riga ya yi ƙafa. Ya kai kunnen Abdulelah, mutumin da yake raba wuraren basta, wato teburan saye da sayarwa na azumi, a layin da Umma ta zauna shekara da shekaru. Mastura ta riga ta roƙe shi ya dawo mata da wurin Umma, ya kuma yarda. Yanzu sai ya aiko ya ce shi bai zarge ta ba, amma mutane na magana. Ta kawo takarda daga ɗakin gwajin abinci kafin ashirin da biyar ga wata, in ba haka ba wurin na wata ne.

Nan fa ta ɗaura ɗamara. Zubin farko ta sa sanyi da yawa don tsoro, kwana uku ta buɗe ta tarar da ruwan sha'ir da sukari, ko alamar tsami babu. Zubi na biyu ta zuba da burodin gaba ɗaya yadda ake yi a tulun ƙasa, sai ya toshe famfon da ke tsinin gindi. Na'ibi ya durƙusa yana zungura da tsinke, abin ya ɓalle masa a fuska, har cikin kunne. Ranar ce ta fara dariya tun ihun Larai.

A na uku ta gane kansa. Ta tace kafin ta zuba, ta sa lamba ashirin, ta rufe. Akwai wata ƴar kwalba a murfin da ake sa wa ruwa, in sobiya ta fara aiki sai ta riƙa ƙur, ƙur, kamar cikin mai yunwa. Ba ta bar ƙirgen Umma ba, duk salla in ta idar sai ta je ta buɗe ƙaramin famfon sama ta ɗiga a harshe. A ta goma sha ɗaya daidai tsamin ya taɓa mata gefen harshe yadda ta san shi tun tana yarinya. Ta danna lamba ta sauko biyu. Ƙur ɗin ya yi ta raguwa har ya yi shiru. Da safe ta buɗe famfon ƙasa, laka mai kauri ta fito, wadda ita ce take ci gaba da aiki in an bar ta, sama kuma ya rage fari tas. Ta zauna a ƙasa ta ce, "Ashe ƙirgen Umma bai taɓa yin ƙarya ba. Zafi ne ya ci amanata."

Ammu Othman ta fara kai wa. Ya kurɓa, ya miƙo kofin a ƙara. Ya ce tun ranar da ya tofar yake jin nauyin abin a ransa. Ta ce, "Ammu, da ka haɗiye ka yi shiru, da ban yafe maka ba."

Kwalba uku ta kai wani ɗakin gwaji a Bani Malik, ta ranar farko, da wadda ta kwana uku a tulun, da wadda ta yi mako. Ta ce in za a kama ta, a kama ta gaba ɗaya. Suka ce za su kira.

Kwana biyar muna jira. Ni dai a kwanakin nan babu wanda ban gode wa ba a raina. Na gode wa Allah, na gode wa Na'ibi da ya tsaya a haraj ya leƙa kwali, na gode wa Ammu da ya faɗi gaskiya. Har Larai sai da na gode mata, don ba don bakinta ba, da ba wanda zai je neman takarda, da maganar nan ta bi ƙanwata har kabari.

Ranar ashirin da uku ga wata, da hantsi, Mastura na tsakar hoshi tana wanke matata, Larai na ɗaure kwalayenta a gefe, sai waya ta yi ƙara. Hannunta a jiƙe, ta danna da gwiwar yatsa, sai muryar ta fito fili kowa na ji.

"Mastura? Wejdan ce daga ɗakin gwaji. Mabruk, kwalabenki uku duk sun fita lafiya. Ɗan sinadarin giyar da muka gani a ciki bai fi wanda ke cikin laban, nonon kanti, ba. Takardarki na nan, ki zo ki karɓa."

Mastura ta ɗaga wayar sama da kanta, ta juya ta wajen Larai.

"Ya ukhti, don Allah maimaita, akwai wadda ba ta ji ba."

Wejdan ta yi dariya ta maimaita, sannan ta ce, "Kuma mu nan muna tambaya, a wane layi bastarki take?"