Hanifa da Jakar da Ba a Sharewa

Duk wanda ya san Hanifa tun tana yarinya a unguwar Fezzan ya san ta da ƙyanƙyami. Iyayenta Kanawa ne, babanta tela ne da ya zo Maiduguri da kekensa na ɗinki, zuwan da ya zama zama. Ita ce ba ta shan ruwa a kofin da wani ya kafa wa baki, ita ce mai bin ƙyallayen shago tana tsincewa tun ana kan ɗinki. Da ta karanci kwamfuta a jami'a, mutanen gida suka ce madalla, ta samu sana'ar da babu ƙazanta a ciki. Ita ma haka ta zata, baiwar Allah.

Ta samu aiki a wani ƙaramin ofis a Jiddari Polo, a saman shagon masu facin taya. Manhaja suke rubuta wa makarantu da shagunan magani. Mai ofishin, Kashim, mutum ne mai fara'a wanda ba ya son ran kowa ya ɓaci, shi kuma ya damƙa mata kula da abin da suke kira jaka. Jaka wuri ne a kwamfuta da ake tara ƙananan umarnin da kowace manhaja take bukata: wannan ya tsara kwanan wata, wancan ya daidaita lambar waya, wani ya fitar da matsakaicin makin ɗalibi. Sau ɗaya ake rubuta kowanne, duk mai bukata sai ya kira shi. Haka dai ake koyarwa a aji.

Ranar da ta fara buɗe jakar sai da ta ture kwanon abincinta gefe. A ofishin nan ba a sa hannu a aikin wani. In ka ga kuskure a umarnin da ɗan'uwanka ya rubuta, ba ka gyarawa, ba ka kuma faɗa masa, kada a ce ka raina shi. Sai ka kwafa, ka gyara kwafin, ka ajiye kusa da na farkon ka yi gaba. Shekaru ana haka, har jakar ta koma kamar bolar bayan kasuwa, mai kyau da ruɓaɓɓe duk a cakuɗe. Na lambar waya kaɗai sun cika allo, akwai sabo, akwai sabon sabo, akwai wanda aka raɗa wa suna na gaskiya, ka ce sauran duk na ƙarya ne. Su a wurinsu ladabi ne. Hanifa kuwa sau nawa ta nemi izinin shara, Kashim yana murmushi yana cewa ta bari sai an samu sarari.

Ana nan sai maƙwabciyarta Muhsinat ta shigo mata gida da katin sakamakon 'yarta Jannat. Yarinyar tana aji biyar na firamare, mai ƙoƙari ce, amma taifot ya kwantar da ita lokacin jarrabawa, jarrabawar wasu darussa ta wuce ta. Dokar makarantar ita ce ba a lissafa jarrabawar da ciwo ya hana yaro rubutawa. Duk da haka katin ya ce ta faɗi, za ta maimaita aji, ta zauna benci ɗaya da ƙanenta Mikail.

"Maƙwabciya, ai ofishinku ne ke yi musu wannan abin," in ji Muhsinat. "Don Allah ki duba mana. Yarinyar nan ko abinci ba ta ci."

Washegari Hanifa ta bi sawun lissafin, ba ta ma sha wahala ba. Umarnin matsakaicin maki iri-iri ne a jakar. Duk na baya-bayan nan suna tsallake jarrabawar da ba a rubuta ba, amma mafi tsufa a cikinsu sifili yake ba ta. Shi ne a sama, don haka wanda ya haɗa wa makarantar manhaja shi ya fara gani ya ɗauka. Abin da ya fi tayar mata da zuciya shi ne duk waɗanda suka yi kwafi sun ga kuskuren da idonsu, suka kewaye shi suka wuce.

Ta sami Kashim a teburinsa. "Yallaɓai, wannan umarnin goge shi za a yi, yau ɗin nan."

Ya leƙa allon, ya ja baya. "Kai, Hanifa! Na Ba Kyari ne fa. Shi ya koya mini aikin nan, shi ya buɗe ofishin nan. In goge hannunsa yana raye? Rubuta naki ki ajiye a ƙasa."

"Wani ya zo gobe ya sake ɗaukar na saman?"

"Sai a riƙa kula."

Ba ta rubuta ba. Ranar Asabar ta hau keke napep ta nufi ƙauyen Dusuman, inda Ba Kyari ya koma noma tun da ya bar aiki. Ta same shi a bakin gonar wake, ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta miƙa masa wayarta ya ga umarnin. Tsohon ya matso da ita kusa da ido, sai ya fashe da dariya har da tari.

"Wannan shirmen yana nan har yanzu? 'Yata, ai don gwaji na rubuta shi, ranar da muka sayi kwamfutar farko. Ban taɓa nufin a yi aiki da shi ba. Me ya hana ku zubar da shi?"

Hanifa ta yi masa sallama ta koma gida cike da haushi. Ranar Litinin ta kira tsohon a waya ya maimaita wa Kashim da bakinsa, sannan aka goge. Ko ƙiftawar ido gogewar ba ta kai ba. Ta sake lissafin, sai ga Jannat ta ci, har tana cikin na gaba-gaba a ajin.

Tare da Kashim suka je wurin shugaban makarantar da sabon katin. Mutumin ya karanta, ya jinjina kai, ya ce lallai an zalunci yarinya. Daga nan ya kife katin a kan tebur. An riga an kira sunaye a gaban iyaye, in ji shi, an fara sabon zango, kuma shi da bakinsa ya faɗa musu kwamfuta ba ta kuskure. In ya ɗaga yarinya ɗaya yau, gobe kowane uba zai zo da katin ɗansa. Shekara ɗaya ce, kuma maimaici ba ya kashe yaro. Hanifa ta juya ta dubi Kashim, tana jiran ya yi magana. Ya yi maganar kuwa: ya gode wa shugaban da ya fahimce su, ya ce rufin asiri ya fi ga kowa. Suka yi musabaha, har da dafa ƙirji.

Hanifa tana ofishin har yanzu, jakar kuma tas take, don ta daina neman izini. Muhsinat ba ta ƙara tayar da zancen ba, ta ce ta gode da ƙoƙari. Sai dai kullum da safe, in Hanifa ta fito neman keke, takan ci karo da Jannat riƙe da hannun Mikail, za su aji ɗaya. Yarinyar takan rusuna ta ce, "Anti, ina kwana." Hanifa takan amsa, amma har yau ba ta iya kallon fuskarta ba.