Jan Fenti a Jikin Darbejiya

Har yau ban manta da ranar da na koma wani ƙauye a yankin Lausu na tarar da kututture goma sha biyu a inda na bar bishiyoyi ba. Lokacin ina ƙaramin jami'i a sashen kula da muhalli.

Ga wanda bai san aikin ba, ganye yana riƙe duk abin da iska ta kwaso. A ƙasashen sanyi suna awo da wani ganye siriri kamar allura, mu kuwa darbejiya muke da ita. Ana tsinko ganyen ba a wanke ba, a kai ɗakin gwaji a auna ƙura da gubar da ke jikinsa. Sau biyu ake yi a kan bishiyoyin da aka zaɓa, da ɗaukewar ruwa, sannan bayan wata uku. Awo ɗaya ba ya zama hujja.

Limamin ƙauyen, Malam Sale, shi ya kawo ƙorafi a kan wani kamfanin fasa dutse. Matarsa Hajiya Uwani ta shekara biyu tana tari, kuma ba ita kaɗai ba. Burinsa kawai a janye injin daga bakin gari.

Kafin in tafi ƙauyen karon farko, daraktanmu ya ja mini kunne kada in yi wa kowa bayani, wai kar a tunzura jama'a. Ni kuma sarkin biyayya, na tsinki ganyena, na shafa wa kowace bishiya jan fenti da lamba, na shige mota.

Na manta abin da kowa ya sani: a wajenmu, in ma'aikacin gwamnati ya shafa wa abu jan fenti, to rushe shi za a yi. Sai mutane suka ce tunda sarewa za a yi, gara su ci moriyar itacensu.

Da na koma bayan wata uku na fara yi musu faɗa, Malam Sale ya dube ni ya ce, "Ranka ya daɗe, na ce su dakata mu tambaya. Amma wa za mu tambaya? Ko ruwanmu ba ka tsaya ka sha ba."

Awon farko ya nuna ƙurar ta wuce kima. Na kai wa darakta, na roƙi a sake zaɓen bishiyoyi. Ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce, ya rubuta cewa mazauna sun lalata aikin da hannunsu, ya rufe fayil. Ban taɓa ganin ya sa hannu da sauri haka ba.

Hajiya Uwani ta rasu da damina. Da na je ta'aziyya tabarmi sun cika, sai aka nuna mini wani kututture na zauna. Lamba bakwai ce, da rubutuna, ana jiyo ƙarar injin.

Shi ya sa nake gaya muku, ku da kuke tasowa, kafin ku taɓa ganyen mutum ku zauna ku sha ruwansa, ku faɗa masa abin da ya kawo ku. Bayanin da na hana su bai fi na minti biyar ba.