Madarar Farar Saniyarmu

Ƙanwata ce autarmu, kuma tun tana ƙarama Inna ke lallaɓa ta kamar ƙwai. Da aka yi mata aure a cikin ƙauyenmu, can wajen garin Babban Mutum, ba ta yi nisan da zai hana a kai mata ƙwarya ba. Kullum da safe Baba ya tatsi farar saniyarmu, Inna ta tace madarar da tsumma, ta yafa mayafi ta kai mata da ɗuminta, wai mai ciki tana bukatar ƙarfi.

Cikin farko ya zube yana wata biyar. Muka ce haka Allah ya so, muka yi haƙuri. Da ta samu na biyu, sai zazzaɓi ya sa ta a gaba. Da safe garau take, la'asar na yi sai rawar sanyi, sai gumi ya jiƙa mata zane, gaɓoɓi na ciwo. Mai kemis ya ba ta maganin zazzaɓin sauro har sau uku, daga baya ya ce taifot ne. Ni ina Daura ina ɗinkina, ranar da na je na ga yadda ta zama sai wuya da idanu, ban tsaya neman shawarar kowa ba, na sa ta a mota sai asibiti.

Likitar da ta duba ta ba ta fara da allura ba, tambaya ta yi ta jerowa. Ko muna da shanu? Ko tana shan madarar da ba a tafasa ba? Ko saniyar ta taɓa ɓari? Nan gabana ya faɗi, don na tuna dillalin da ya haɗa Baba da saniyar ta wajen Kongolam, can bakin iyaka, ya ce ta yi ɓari sau ɗaya, shi ya sa aka sakar masa ita da sauƙi. Likitar ta ce ciwon da makiyaya ke kira bakkale ne, yana bin madara ya shiga mutum, kuma tafasawa kawai ke kashe shi. Gwajin jini ya tabbatar, aka ɗora ta a kan magani na makonni.

Na koma gida da zafina na ce daga yau a riƙa ɗora madarar nan a wuta. Inna ta dube ni kamar na zage ta. A gidanmu ba a tafasa madarar saniyar da ke shayar da maraƙi. Tun kakanni ake cewa in madara ta ji wuta, hantsar saniya ke ƙonewa, ta tsattsage, nono ya ƙafe.

"Da ita na raine ku duka," in ji ta. "Yau ni za ki ce ina ba 'yata guba?"

Na ce ban ce ba. Ƙarya nake, abin da nake nufi ke nan, kuma ta gane.

Ba Inna nake jin haushi ba, ko da yake na yi mata tsawar da har yau nake kunyarta. Wa ya taɓa gaya mata? Shekara da shekaru ma'aikatan gwamnati na zuwa kasuwarmu da farar riga. Na ga ranar da suka kifar wa matan Fulani ƙoren nono a ƙasa, wai ba murfi, suka ɗauki hoto suka shige mota. Ko ɗayansu bai buɗe baki ya ce a tafasa ba. Dabba kuwa ta tsallako iyaka, ta shiga kara, kasuwar dabbobi, ta fita, babu mai ɗibar jininta, babu mai tambayar ko ta taɓa ɓari. Ga doka a takarda, an ce, amma ƙarfinta a kan ƙwaryar talaka yake ƙarewa.

Mun makara. Kwana tara da fara maganin, cikin ya fita, namiji, har da 'yan yatsunsa. Inna ce ta naɗe shi a farin ƙyalle. Ba ta yi kuka a gabanmu ba, sai dai washegari na tarar da ita a bakin murhu, madara na tafasa har tana zuba a wuta, ita kuwa ta zuba mata ido ba ta sauke ba.

Ranar kasuwa Baba ya kwance saniyar. Na bi shi har zaure na ce ya kai ta wurin malamin dabbobi, in kuwa sayarwa zai yi, ya faɗa wa mai saye gaskiya. Ya ce shi wa ya faɗa masa? Na kauce ya fita da ita, kuma wannan laifin nawa ne, ba na gwamnati ba.

Da yamma ya dawo da igiya a hannu da 'yar takardar kara mai hatimi. Na karɓa na karanta. An rubuta saniya ɗaya, fara. Na tambaye shi wanda ya saya.

"Wani bawan Allah ne daga wajen Mashi," ya ce, bai kalle ni ba. "Don madara yake so. Ya ce yana da yara ƙanana."