Shaidar Kawu Mai Gyaran Takalmi

A majami'armu lokacin ba da shaida yana da tsarinsa. Mutum zai fito gaba ya karɓi makirufo, ya ce a yabi Ubangiji, ya faɗi yadda ya sami aiki, ko ya tsira daga hatsarin mota, ko matarsa ta sauka lafiya. Sai a tafa, mai ganga ya buga, kowa ya zauna. Akwai wata baiwar Allah da ta taɓa riƙe mu har cikinmu ya fara kukan yunwa a kan akuyarta da ta ɓata ta dawo. Ban raina ba, akuya ma dukiya ce. Amma a hankali muka saba, har muka ɗauka cewa duk wanda labarinsa bai ƙare da tafi ba, ba shi da shaida.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, bai taɓa fita gaba ba. Gyaran takalmi ne sana'arsa, rumfarsa kuma a jikin shagon ɗinkina take, bangon katako kawai ya raba mu. Kullum yana kan ɗan bencinsa da ƙananan ƙusoshi a baki, gwangwanin gam a gefe, tsofaffin takalma a rataye bisa kansa. Maganarsa ba ta wuce "an gama" ko "dawo gobe".

Matarsa ta yi shekaru a kwance da shanyewar ɓarin jiki. Shi ke ɗaga ta, ya yi mata wanka, ya ba ta abinci a baki kafin ya fito aiki. An yi addu'a, an yi azumi, fasto da dattawa sun yi ta zarya. Ba ta tashi ba har Allah ya karɓi rayuwarta. Na taɓa tsokanarsa na ce, "Kawu, kai ba ka da abin faɗa a gaban jama'a ne?" Ya zare ƙusa daga baki ya ce, "'Yar nan, in na gama ba da nawa, a ina za su tafa?"

Akwai wani direban motar makaranta da muke kira Dogo, yana zama a bayanmu lokacin sujada. Ƙaramar 'yarsa ta rasu bayan gajeriyar jinya. Kafin nan ya kawo wa Kawu takalmanta na zuwa majami'a, igiyar ɗaya ta tsinke. An gyara, bai dawo karɓa ba. Kawu ya naɗe su a leda ya tura ƙasan akwatin kayan aiki, don kada uban ya zo wucewa ya hango su.

Tun daga rasuwar, da an ce lokacin shaida ya yi sai Dogo ya sulale waje. Wata Asabar ya kawo mini wando in rage masa ƙugu, don ya rame sosai. Ina gwada shi ya ce, "Anti, gobe ce Lahadina ta ƙarshe. Kowa Allah ya ji kukansa, har mai akuya. Ni na durƙusa a asibiti har gwiwata ta kumbura. Ko dai akwai abin da na yi masa, ko kuwa ba ya nan."

Ni da ba a kayar da ni a magana, ranar sai kawai na duƙufa kan ƙugun wandon. Ta bayan katako kuwa na ji gudumar Kawu ta tsaya.

Washegari fasto na cewa masu shaida su fito, Dogo ya miƙe ya nufi ƙofa. Kawu ma ya miƙe, amma gaba ya nufa. Ya damƙi makirufo kamar guduma, ya ma manta bai ce a yabi Ubangiji ba.

"Ni matata ba ta warke ba," in ji shi. "Na roƙa, ba a ba ni ba. Akwai safiyar da na ce wa Yesu na gaji da shi, kuma na faɗa da ƙarfi. Bai kore ni ba. Duk wayewar gari sai in ce yau kam ba zan iya ɗaga ta ba, sai in ga na ɗaga. Ƙarfin ba nawa ba ne, ku dube ni. Ita kuma da rabin bakinta take yi mini waƙar yabo ina goge mata baya. Har yau ban san abin da ya sa ya ɗauke ta ba. Abin da na sani, ba mu biyu kaɗai muke cikin ɗakin nan ba. Shi ke nan."

Mai ganga ya ɗaga sanduna, ya rasa yadda zai yi da su, ya sauke. Babu wanda ya tafa. Na waiga na ga mata da maza suna share ido, mutanen da nake ɗauka ba su da wata damuwa a duniya. Kuka na yi, kuma haushi ya kama ni: shekara da shekaru muna zaune da masu irin wannan ciwo, ba mu taɓa miƙa musu makirufo ba. Dogo yana tsaye a bakin ƙofa, bai fita ba.

Ranar Litinin Dogo ya zo rumfar Kawu. Na kashe keken ɗinki, don ba zan ɓoye ba, kunne na kasa.

"Baba, da gaske ka ce masa ka gaji da shi?"

"Da bakin nan nawa."

"Bai yi fushi ba?"

"Ga ni zaune."

Can Dogo ya ce, "A wane benci kake zama ran Lahadi?"

"Na jikin taga. Akwai wuri."

"To. Baba, takalman nan suna nan?"

Kawu ya jawo akwati ya fito da ledar. Na leƙo daidai lokacin da Dogo ya buɗe ta, ya shafa igiyar da aka ɗinke da babban yatsansa. Sannan ya sa takalman a aljihun rigarsa na gaba, duka biyun suka shige aljihu ɗaya.