Zumar da Hajja Kaka ta Shafa wa Jikanta

Ba wanda ya san sunan yankan Hajja Kaka a Babura. Da wannan sunan aka kawo ta tana amarya daga wajen Nguru, ta iso da kaskon turaren wuta da ƙaramin turmin dakan lalle, kuma har mijinta Dunoma ya koma ga Allah ba a taɓa jin ya kira ta da wani abu ba sai "ke". Sana'arta ƙunshi, irin na da, na lalle da tsumma da zunguru, wato dogon ƙwaryar nan da ake zura hannu a ciki har lalle ya kama. Zanen fulawa da 'yan matan yanzu ke yi kuwa, cewa take kamar kaza ce ta taka tawada ta bi ta kan hannun mutum.

Mace ce da ta ɗauki hannu da muhimmanci. Yaron da ya miƙo mata hagu don karɓar alewa, alewar ba zai samu ba, ranƙwashi kuma ya samu. Ɗanta Kashim, direban bas tsakanin Babura da Kano, ga shi da gemu har da furfura ɗaya biyu, amma har gobe idan zai miƙa wa wani abu ta taga sai ya murɗa jiki kamar mai ciwon ciki don ya miƙa da dama. 'Yan tasha suna yi masa dariya, shi kuwa ya san abin da ya sha.

To, a gidan wannan matar Allah ya kawo Musaddiƙ.

Matar Kashim, Ummu Salma, ta sha doguwar naƙuda. Yaron ƙato ne, kai ya fito kafaɗa ta maƙale, sai da aka ja shi da ƙarfi aka ceci uwa da ɗa. Ranar wanka Hajja Kaka ta lura hannun hagu na ta dambe da iska, na dama kuwa yana reto kamar igiyar guga. Mai ɗori ya lalube shi ya ce babu karaya. A asibiti aka ce jijiyar da ta taso daga wuya zuwa hannu ce ta ji rauni wajen haihuwa, a riƙa kai shi Kano gashin ƙashi. An kai shi na ɗan lokaci, sai motar Kashim ta kwanta, da ta tashi Ummu Salma ta samu wani cikin mai laulayi, zuwa Kano ya zama sai an gani.

Da lokacin yaye ya yi aka kawo yaron ɗakin kakarsa kamar yadda aka saba. Ita "Maigida" take kiransa. Takan ce mijin nan nata bai iya cefane ba, bai iya gaisuwa ba, sai cin tuwo da fitsarin kwance, amma ta gode Allah ta samu wanda ba ya fita yawo. Abu ɗaya ne ya hana ta sakat, Maigida da hagu yake cin abinci. Ta hango shi ya girma, an ajiye kwano a tsakiyar maza, kowa na janye hannu saboda shi. Ta hango shi yana miƙa wa surukinsa hagu.

Sai ta yi dabara. Ta sayi zuma farar saƙa a wajen wani Buzu ranar kasuwa, ta riƙa dangwala wa yaron a yatsun hannun dama, ta ɗaga ta kai masa baki. A ganinta hannun barci yake, idan ya san hanyar baki zai farka. Ba a jima ba Musaddiƙ ya gane, da kansa yake sa hagu ya ɗauko daman kamar mai ɗaukar rake, ya tsotse. Ranar da ya fara, Hajja Kaka har kiran maƙwabciyarta Dela ta yi ta katanga ta zo ta gani. Ta yi sadakar waina. Ta aika wa Kashim a tasha cewa ɗansa ya fara cin abinci da dama.

A lokacin kuma turamen haƙoransa suna fitowa.

Wata safiya ta tarar da jini a zanen shimfiɗa, kan manuniyar yaron ya ɗaye. Shi kuwa yana ta wasansa. Kowa ya ce ɓera ne ya bi ƙanshin zuma. Aka ari kyanwar Dela, wadda ta shafe mako a gidan ta cinye busasshen kifin Hajja Kaka kaf ba ta kama ko ƙadangare ba. Ciwo na ƙaruwa, ya koma kan babban yatsa. Kashim har alfahari yake a majalisa, wai ɗansa namijin duniya ne, ana wanke masa ciwo da ruwan gishiri ko uhm ba ya cewa.

Wata rana da hantsi Hajja Kaka ta gani da idonta. Tana tsakar gida tana ɗaure wa wata amarya ƙafa, ƙawayen amarya na ta shewa, sai ɗaya daga cikinsu ta tsaya tana kallon bakin rijiya. Musaddiƙ na zaune a can, ya riƙe hannun dama da hagu yana gwaguya da turame, yadda yaro ke yi wa ƙashin kaza. Jini ya gangaro masa har haɓa. Da ya ga kakarsa na kallonsa sai ya washe baki ya miƙo mata hannun, don ya saba idan ya kai shi baki ana yi masa tafi.

Amaryar da ƙafa ɗaya a ƙunshe ta koma gida. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa, ya kuma ƙara kitse a hanya. Wasu suka ce iska ce, wasu suka rage murya suka ce yaron da ke cin naman jikinsa ai sai a yi hattara da shi. Matan da ke turo 'ya'yansu wasa gidan suka samo musu aiki a gida.

A asibitin Kazaure wani ma'aikaci mai sanyin murya ya sa Hajja Kaka ta rufe wa yaron ido, ya ɗan tsikari tafin hannun da allura. Musaddiƙ bai motsa ba. Ya tsikari na hagu, yaro ya tsala ihu har ya kai masa duka. Mutumin ya ce babu iska babu maita, hannun ne ba ya jin komai, yaron bai ma san nasa ba ne, ɗauka yake wani abin wasa ne aka rataya masa. Ya ce yara da dama masu irin wannan rauni suna yin haka idan haƙori ya fito, kuma sukan bari idan hankali ya zo, aikin dai a tsare yatsun kada su ƙare kafin wannan lokacin. Ya tambaya ko ana shafa masa wani abu. Ta faɗa masa.

"Iya, ko babu zuma wasu suna yi," in ji shi.

"Wasu ka ce, ɗana," ta ce. "Wannan ni na nuna masa hanya."

Daga nan ta shiga yaƙi da bakin jikanta. Ta shafa maɗaci irin na yaye, ya yamutsa fuska ya tofar ya ci gaba. Aka naɗa bandeji, ya warware da haƙori. Ta sa masa safar Kashim, ya huda ta. Ƙarshe ta ɗauko ƙaramin zunguru ta zura hannun ta ɗaure a kafaɗa, Maigida ya riƙa yawo a tsakar gida kamar amarya, yana ƙwanƙwasa wa awaki a ka. Dela ta ce saura a nemo masa miji. An yi dariya, Hajja Kaka ma ta yi, don ta ga haƙori ya kasa. Amma zafin Babura ba ya wasa da abin da aka rufe. Ciwo ya yi gumi a ciki ya ruɓe, yaron da zai yi kuka ya sanar ba ya ji, sai wari ne ya faɗa. Aka koma Kazaure, aka cire gaɓar farko ta manuniya.

Ummu Salma ta zo da tsohon ciki ta zauna a bakin gado. Da za ta tafi ta durƙusa ta ce, "Hajja, sannu da ɗawainiya." Hajja Kaka ta gaya wa Dela cewa da zaginta yarinyar ta yi da ta fi samun sauƙi.

Bayan an sallamo su, wata rana tana ba shi kunu ya kama yatsanta ya gartsa mata cizo. Ta yi ƙara ba shiri. Yaron ya saki, ya zuba mata ido, ya shiga hura mata yatsan yana cewa sannu da gwarancinsa. Can anjima ya ɗauko nasa hannun ya kai baki yana kallonta. Ita ma ba ta san lokacin da ta dafe nata hannun ta ce wayyo ba. Ya cire da sauri. Ya rarrafo ya hura mata.

Haka suke zaune har yau. Duk sanda Musaddiƙ ya sa haƙori a hannunsa, Hajja Kaka ce ke jin zafin, ta yi kuka, shi kuma ya bari don tausayin matarsa. Da farko kukan wasa ne, yanzu Dela ta ce ba ta iya bambancewa. Matsalar dabarar ita ce sai tana wurin. Idan ta shiga banɗaki Dela ke riƙe hannun, kuma kukan Dela ba ya karɓa, ya san na ƙarya ne. Ta daina karɓar amare, don ba a ƙunshi da ido ɗaya. Da yayarta ta rasu a Nguru, Kashim ta tura ya je gaisuwa a madadinta. Salla ma a gefensa take yi, ta ɗaure hannun da gefen mayafinta, tana sallamewa ta juyo ta duba yatsu.

Kwanakin baya ciwon ƙafa ya kwantar da ita, Kashim ya ce a mayar da yaron wajen uwarsa ta huta. Ta ce uwarsa na da jariri a hannu, da wane idon za ta kalli wannan? Ya ce to ta bari a kai ta asibiti ko na kwana biyu ne.

Ta dubi Musaddiƙ, yana zaune a kan ƙafar tata mai ciwo yana wasa da murfin kwano, hannun dama na kwance a cinyarta.

"Ka tambayo mini mutumin nan na Kazaure," ta ce, "hankalin da ya ce zai zo, kamar yaushe ne? In ya zo sai a kai ni duk inda za a kai ni."